Kallon Gida Daga Nesa: A Rufe Ƙofa Kafin A Tafi

A 'yan shekarun nan, da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na New Bell da sauran unguwannin Hausawa a Duwala sun sanya kyamara a shaguna da gidajensu. Mutum yana Kye-Ossi ko Fotokol kan harkar kaya, ya ɗauko waya ya ga sito da tsakar gida. Wannan ci gaba ne, amma akwai gyara.

Gidajenmu manya ne, na'urar rarraba intanet guda ɗaya, wato rawuta, ba ta isa. Sai a ƙara ta biyu a sashen iyali, ta uku a shago. Kowace rawuta kuwa gida take kafawa na kanta, ta ɓoye abin da ke bayanta. Saboda haka idan maigida ya nemi hoto daga nesa, saƙonsa sai ya tsaya a ta farko. Don a huce takaici, wasu masu haɗawa kan buɗe ƙofa a dukkan na'urorin, su bar kalmar sirrin da aka zo da ita daga kamfani. Ƙofar da maigida zai shiga, ita ce ɓarawo zai bi.

Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da rawutoci a duniya ta irin waɗannan kalmomin sirri. Wanda ya shiga kyamararka ya san lokacin da ake rufe shago, ya kuma ga iyalinka a tsakar gida.

Muna ganin maganin bai da wuya. Rawuta ɗaya ta zama shugaba, sauran a mayar da su masu miƙa sigina kawai. A canza kalmar sirri a gaban maigida, shi kaɗai ya riƙe ta. A shiga ta rufaffiyar hanya ta VPN maimakon buɗe ƙofa ga kowa. Kada kuma a sa kyamara a ɗakunan kwana.

Kamaru tana da dokar laifuffukan intanet tun 2010, akwai kuma hukumar ANTIC. Sai dai kai ƙara Bonanjo ba zai dawo da sirrin da ya riga ya fita ba. Muna kira ga shugabannin kasuwa da su tara jama'a a wayar musu da kai. Rigakafi ya fi magani.