Gaɗa Wasa Ce, A Ba Ta Maki

A kowace shekara, idan lokacin gasar wasanni tsakanin gidaje ya zo, makarantun sakandare na Gusau da Tsafe da Bunguɗu kan raba ɗalibai gida-gida: ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa. A yi tsere, a yi tsalle, a ja igiya, a yi fareti a gaban manyan baƙi, a tara maki, a ba gidan da ya yi zarra kofi. A cikin jerin abubuwan da ake ba maki babu gaɗa. Idan ma an tuna da ita, to a tsakiyar biki ne, lokacin da alƙalai ke shan ruwa, a kira ta "raye-rayen gargajiya", a tafa wa yaran, a ce su ba da wuri za a ci gaba da wasanni. Ma'ana dai, abin da suka yi ba wasa ba ne.

Wannan hukunci kuskure ne, kuma 'yan matan Zamfara ne ke biyan kuɗinsa. Gaɗa wasan motsa jiki ce cikakkiya. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta jiha ta sa ta cikin jerin wasannin makarantun 'yan mata, da dokokinta, da malamarta, da alƙalanta, da kofinta.

Me ake yi a gaɗa?

Wanda ya ce gaɗa waƙa ce kawai, da kunne ya san ta. 'Yan mata kan tsaya su yi rabin da'ira, zabiya ta ba da waƙa, saura su amsa suna tafi. Sai ɗaya ta fito fili ta taka, ta juya baya, ta sako jikinta gaba ɗaya ta faɗo kan 'yan uwanta ba tare da ta waiwaya ba. Su kuma su cafe ta, su cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta daidai kan amshi, ta sake komawa. Idan ta gama zagayenta wata ta karɓa. Ana iya shafe sa'a guda ana haka, baki na waƙa, hannu na tafi, ƙafa na aiki.

A duba abin da wannan ke buƙata. Masu cafewa na buƙatar ƙarfin dantse da na ƙugu, kuma dole su ɗaga a lokaci ɗaya, don idan hannu guda ya makara yarinya za ta karkace. Wadda ake cillawa na buƙatar iya riƙe jiki a sama da iya dira. Dukansu na buƙatar numfashi, domin mai tseren mita ɗari ba a ce masa ya rera waƙa yana gudu ba. Sama da duka akwai amana: yarinya ta miƙa ƙeyarta ga hannun ƙawayenta. Duk abin da malamin wasanni ke wahalar koya wa 'yan ƙwallo, na haɗin kai da sanin lokaci da dogaro da abokin wasa, gaɗa ta daɗe tana koyar da shi a dandali ba tare da usur ba.

Abin mamakin shi ne makarantar ta san gaɗa sarai. Tana cikin darasin adabin baka. Ɗaliba za ta zauna a aji ta rubuta ma'anar waƙoƙin gaɗa, da jigoginsu, da aikin zabiya da na 'yan amshi, a ba ta maki a jarrabawar Hausa. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun shafe shekaru suna nazarin waƙar baka, Umaru Dembo kuma ya tattara wasannin dandali a littafinsa Wasannin Yara. Wato makaranta ta yarda ta ba yarinya maki idan ta bayyana gaɗa da biro, amma ta hana ta maki idan ta yi ta da jikinta.

Amurka ta riga mu yin wannan gardama

Akwai wata al'ada a makarantun Amurka da suke kira ciyalidin, wato rukunin matasa masu zuga 'yan wasa daga gefen fili. Ta samo asali ne a Jami'ar Minesota a 1898, kuma maza ne suka fara ta. Daga baya ta koma hannun mata, ta tashi daga ihu da tafi zuwa alkafura, da hawa kafaɗar juna, da cilla yarinya sama a cafe ta. Wanda ya san gaɗa, idan ya ga wannan cillawa, ba sai an yi masa bayani ba. Shekara da shekaru hukumomin makarantu a can suna cewa wannan ba wasa ba ne, ado ne na gefen fili. Sakamakon haka ana ta yin abu mai haɗari ba tare da ƙwararrun masu horarwa da kulawar da ake ba 'yan ƙwallo ba, 'yan mata suna karya wuya da baya. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a ayyana shi a matsayin wasa, a 2014 babbar ƙungiyar likitocin ƙasar ta bi sahu, a 2015 jihar Kalifoniya ta yi doka a kan haka. A watan Yulin 2021 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba ƙungiyar wasan ta duniya cikakkiyar amincewa.

Darasin a fili yake. Kalmar "wasa" a takardar hukuma tana jawo malami, da lokaci a jadawali, da fili, da akwatin magani, da kaso a kasafin kuɗi. Abin da ba a kira wasa ba kuwa, yara ne ke yinsa da kansu a bayan aji a kan tsakuwa, idan wata ta gurɗe a ce ita ta jawo wa kanta.

"Ai ba ta da ci, ba ta da doka"

Wannan ita ce hujjar farko ta masu adawa: ƙwallo tana da raga, tsere yana da layi, gaɗa fa da me za a auna ta? Amsar tana cikin filin makarantar kansa. Fareti ba shi da raga, amma alƙalai na zama su ba shi maki a kan daidaiton sahu da tsabtar kaya da bin umarni, kuma ba a taɓa jin shugaban makaranta ya ce a cire shi don ba a iya auna shi ba. A Olamfik ma, wasan alkafura da tsunduma cikin ruwa da idon alƙalai ake yanke su. A gasar Faris ta 2024 har rawar titi ta matasan Amurka aka raba wa lambar zinare.

Doka kuwa mutane ke zama su rubuta ta. Langa ba ta faɗo daga sama da littafin dokoki ba. Wasan samari ne na hasken farin wata, a riƙe ƙafa ɗaya a yi ɗingishi da ɗaya, har Hukumar Wasannin Gargajiya ta Nijeriya ta ɗauke ta tare da dambe da kokawa da ayo da abula, ta tsara mata rukunai irin su ruwa da tureshi da kawoshi, ta kai ta Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973. A maƙwabciyarmu Nijar, kokawar da manoma ke yi bayan kaka ce gwamnati ta mayar gasar ƙasa a Tawa a 1975, yau ga shi takobin da ake ba zakara ya zama abin da ƙasar gaba ɗaya ke tsayawa kallo.

Mai karatu ya sake duba wancan jerin. Dambe, kokawa, langa: duk wasannin da aka ɗauko daga ƙasar Hausa aka ba su hukuma na maza ne. Da aka je dandali zaɓen abin da ya cancanci suna, an ɗauki na ɓangaren samari, an tsallake na 'yan matan da ke tafi a gefe guda na fili ɗaya, a daren farin wata ɗaya. Ba wani ma'aunin kimiyya ne ya yi wannan rabo ba. Waɗanda suka zauna zaɓen ne suka ɗauki wasannin da suka yi suna yara.

Auna gaɗa ba zai gagari kwamitin malamai mata ba: daidaiton tafi da amshi, tsayin cillawa, tsabtar dira, juriya cikin ƙayyadadden lokaci, da sabunta waƙa. Tawaga ta mutum goma ko sha biyu, minti biyar ko bakwai, alƙalai uku. Shi ke nan.

"Ai ta saɓa wa tarbiyya"

Wannan hujja ta fi nauyi, kuma ba a amsa ta da raini. Zamfara ce ta fara aiwatar da Shari'a a Janairun 2000, kuma iyaye na da haƙƙin tambayar inda za a kai 'ya'yansu. Gaskiya ne gaɗar dandali kan haɗa samari da 'yan mata cikin dare, gaskiya ne kuma wasu waƙoƙinta na ɗauke da zambo da batsa. Amma waɗannan laifuffukan wuri ne da lokaci da kalma, kuma su ne ainihin abin da doka ke gyarawa. Gaɗar makaranta da rana za a yi ta, a cikin katangar makarantar 'yan mata, cikin sutura cikakkiya, malamai mata na horarwa, mata na alƙalanci, iyaye mata na kallo. Waƙar da ta ƙunshi batsa ko cin mutunci ta jawo wa tawaga asarar maki. Ba ta buƙatar ganga ko kalangu, tafi ne kiɗanta.

Malamanmu sun fi ni sanin cewa ya zo a Abu Dawuda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya zo a Bukhari an bar 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakinta ranar idi. Addinin da ya zo da waɗannan bai hana yarinya motsa jiki tsakanin 'yan uwanta mata ba. Hasali ma, a cikin duk wasannin da ake iya kawo wa 'yar Bahaushe, gaɗa ce ba sai an roƙi uba ya bar 'yarsa ta sa gajeren wando ba. Kakarta ta yi, uwarta ta yi.

"Ana ta kai, wa ke ta kaya?"

Wani zai ce jihar da aka kwashe ɗalibai 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka sace wasu a Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar har aka rufe makarantu, aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu a Satumbar 2023, ba ta da lokacin maganar tafi. Gwamna Dauda Lawal da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2023.

Wannan masifa ita ce hujja mafi ƙarfi a wajena. Gaɗa 'yar dare ce, dare kuwa an ƙwace shi daga hannun mutanen karkara. A ƙauyukan da ke tsakanin Tsafe da 'Yandoto da Kwatarkwashi, wace uwa ce za ta bar 'yarta ta fita dandali bayan isha'i? Waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Gusau suna cunkushe a ɗakunan haya da kangwaye, babu filin da za a yi da'ira. Wanda bai gudu ba, waya da talabijin sun zaunar da shi. Yaro namiji ko a lungu zai sami inda zai buga ƙwallo da yamma, 'yar uwarsa kuwa daga aji sai tallan awara sai wanke-wanke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matashi na buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata a duniya ba sa samun hakan. Katangar makaranta ce wuri na ƙarshe da ya rage wa yarinyar Zamfara ta yi tsalle ta yi dariya da ƙarfi cikin aminci. Yarinyar da ta kwana tana jin harbi, hannun ƙawaye da zai cafe ta idan ta faɗo ba ƙaramin magani ba ne.

Batun kuɗi kuma, gaɗa ba ta neman takalmi, ba ta neman raga, ba ta neman kwangila. Fili mai yashi take so, da malama da aka koya wa yadda ake cafewa da taimakon gaggawa. A Gusau akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha wadda mata zalla take horarwa. Malaman da za su yi aikin suna nan a cikin gari.

Sharaɗi guda

Akwai tarkon da ya kamata a gani tun yanzu, kuma Amurka ta faɗa cikinsa. Dokarsu ta 1972 ta wajabta wa makarantu ba mata dama daidai da maza a wasanni. Jami'ar Kwinifiyak ta so ta soke ƙungiyar ƙwallon raga ta mata, ta cike gurbin da ciyalidin don lissafi ya daidaita. 'Yan ƙwallon suka kai ƙara, a 2010 alƙali Stefan Underhill ya yanke cewa wasan bai kai matsayin da za a lissafa shi ba tukuna, saboda gasarsa ba ta da tsayayyen tsari. Hukuncin ya koyar da abu biyu: suna ba ya wadatarwa sai da tsari, kuma bai halatta a ba 'yan mata abu da hannun dama a karɓe wani da hagu ba. Idan shugaban makaranta zai ce tunda an ba su gaɗa sai a bar wa maza filin tsere da ƙwallo, to ya ci amanar wannan kira. Gaɗa ƙari ce a kan abin da suke da shi.

Masu tsoron cewa maki da alƙali za su kashe daɗin gaɗa su dubi langa da kokawa: gasa ba ta hana yara yinsu a unguwa ba, sai ma ta ƙara musu daraja. Abin da ke kashe wasa shi ne rashin masu yinsa, kuma gaɗa a kan wannan hanya take.

Abin da ake nema kaɗan ne. Ma'aikatar Ilimi da ta Matasa da Wasanni su kafa kwamitin malamai mata da tsofaffin zabiyoyi su rubuta dokoki a shafi biyu. A gwada a makarantun 'yan mata na Gusau da Tsafe da Bunguɗu na zango ɗaya. A sa makin gaɗa cikin jimillar da ke yanke gidan da zai ɗauki kofi, daidai da makin tseren miƙa sanda. Idan ta kama, a kai dokokin gaban Hukumar Wasannin Gargajiya da sunan Zamfara. Shugabar makarantar da ba ta son jiran takarda daga ma'aikata kuwa, jadawalin gasar bana a kan teburinta yake, kuma layi ɗaya za ta ƙara.