Da Me Za A Auna Makarantun Tamaula Na Yara?

A biranenmu yanzu da wuya ka ratsa unguwa da la'asar ba ka tarar da wani mai usur ya tara yara yana koya musu tamaula ba. Ya raɗa wa taron suna makaranta, iyaye suna biyan kuɗin wata. In uba ya tambayi ingancinta, sai a nuna masa kofi. Ni kuwa a ganina kofi shaida ce mai rauni ƙwarai.

Ga hujja. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara har sau biyar, a 1985 a ƙasar Sin, kana 1993, da 2007, da 2013, da 2015. Amma tun 2009 hukumar tamaula ta duniya, watau FIFA, ta soma duba ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'ura, domin galibi ƙashin nan ba ya gama haɗewa sai mutum ya haura shekara 17, takardar haihuwa kuwa ana iya sauya ta. A 2016, ana shirin karawa da Nijar, aka gwada namu, 26 suka faɗi. Aka sallame su, Nijar ta fid da mu, alhali kofin yana hannunmu.

To, in haka ta auku a sama, ina ga ƙasa? Mai horon da ya cusa ƙato mai aske gemu cikin 'yan shekara 13 don ya ci kofi ya cuci mutum biyu: yaron da aka hana wa gurbinsa, da wanda aka koya wa shaidar zur a kan haihuwarsa.

Saboda haka lalle ne uba ya tafi filin da ƙafarsa, ranar da ba gasa. Ya zuba ido ga yaron da bai iya ba, ya ga ko ana ba shi ƙwallo, ko kuwa aikinsa ɗauko ruwa. Mu malaman allo ba a auna mu da yaro mai kaifin kai, wanda ko hannun wa ya faɗa zai sauke. Da mai nauyin kai ake auna mu. Kana uba ya tambaya, in yaro ya karye wa ke kai shi asibiti, kuma da kuɗin wa. Ya duba ko horon yana cin lokacin karatu.

Wanda kuwa ya ce ka sayar da gona ya kai ɗanka mai shekara 15 Turai, ka yi hattara da shi. Ƙa'idar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai bisa 'yan sharuɗɗa kaɗan. Ahmed Musa ma sai da ya buga wa Kano Pillars, ya fi kowa jefa ƙwallo a raga a gasar ƙasa, kana ya tafi Holan a 2010, shekarar da ya cika 18.