Baƙin Ƙarshen Wata

Da zarar albashi ya shiga, sai baƙi su yawaita a ƙofar gidajenmu. Saurayi ne tsaf-tsaf, da katin shaida a wuya, ya yi sallama a zaure ya ce mujallar yara ya kawo: a biya kuɗin shekara yau, a riƙa kawowa duk wata. Daga ranar ba shi ba labarinsa, lambar da ke kan rasit kuma a kashe.

Sun san da hantsi muna aji, sai su ce wa iyali, "Malam ne ya turo mu." Sun kuma san kunyarmu: wane malami ne zai so a ce ya ƙi saya wa 'ya'yansa abin karatu?

Ba mu ce a kori mai neman halal ba, amma kada mu biya abin da bai zo hannu ba. A nemi lambar rajistar kamfanin, a duba a shafin hukumar CAC. In asusun da ya bayar na mutum ne, a sallame shi. Shugabannin makarantu kuwa, don Allah a daina ba irin waɗannan baƙi sunayen malamai da kwatancen gidajensu.