Safar hannu ta zaren roba: wace lamba duwan ke ba ta?

Idan ɗari ya shigo, daga watan Disamba zuwa Janairu, safar hannu na cika kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Masu kabu-kabu na saye saboda iskar asuba. Magina da masu kwasar shara na saye domin kare fata. Mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, kuma kafin ta iso hannun mai saye sai ta bi ta ofishin duwan. A can ba a kiran kaya da sunansa na kasuwa, da lamba ake kiransa. Wannan lamba ce ke faɗin kuɗin da ɗan kasuwa zai biya.

Lambobin sun fito ne daga wani kundi da Hukumar Duwan ta Duniya, mai cibiya a Burusel, ta tsara. An fara aiki da shi a shekara ta 1988, kuma ana gyara shi lokaci zuwa lokaci. An yi masa gyara a 2017 da 2022. Alƙaluma 6 na farko iri ɗaya ne a duk ƙasashen da ke bin kundin. Yankinmu na ƙara 4, su cika 10. Su ne ake rubutawa bisa takardar bayyana kaya.

Ga inda matsalar take. A Hausa, kalmar roba na ɗaukar abubuwa da yawa: tayar mota roba ce, bokiti roba ne, yadin da ba na auduga ba ma mukan ce na roba ne. Kundin duwan kuwa ya raba su, kowane da gidansa. Safar da likita ke sawa, wadda aka yi da roba mai talewa, tana ƙarƙashin 40.15. Ta leda, irin ta masu sayar da abinci, tana a 39.26. Ta fata tana a 42.03. Ɗan kasuwar da ya ce wa mai cika masa takarda "safar roba ce" bai faɗi komai ba tukuna.

Safar zare kuma tambayoyi uku ake yi mata. Ta farko: yaya aka saƙa ta? Idan saƙar allura ce ko ta kwarashi, wadda zarenta ke sarƙe da juna kamar na hular sanyi, gidanta 61.16. Idan an yanka yadi ne irin na masaƙa, mai zaren tsaye da na kwance, aka ɗinka, gidanta 62.16. Ku ja ta da hannu ku duba: saƙar allura galibi tana miƙewa ta koma.

Ta biyu: an shafe ta da roba ko leda? Wannan ita ce safar magina, mai tafin hannu ja ko baƙi. Idan saƙar allura ce kuma an lulluɓe ta, lambarta 6116.10, ko da wane zare aka yi ta. Sai in ba a lulluɓe ta ba ne ake zuwa tambaya ta uku, wato irin zaren. Ulu 6116.91, auduga 6116.92, zaren roba kamar nailan da foliyesta 6116.93. In an gauraya zare biyu, wanda ya fi nauyi shi ke da hukunci. Abin da ke nuna haka shi ne ɗan ƙyallen da ke manne cikin safar ko rubutun da ke jikin kwali. Wanda ya iya karanta "polyester 70%, coton 30%" ya riga ya san gidan kayansa. Gwanjo da ya zo cikin dila, an riga an yi amfani da shi, nasa gidan daban ne: 63.09.

Me ya sa lamba ke da nauyi haka? Tun 1 ga Janairun 2000 ƙasashen UEMOA suka ɗauki harajin shigo da kaya na bai ɗaya, mai matakai huɗu: 0, 5, 10 da 20 bisa ɗari. A 2015 tsarin CEDEAO ya ƙara mataki na biyar, na 35 bisa ɗari. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA, kuma kundin lambobi na duniya bai canza ba saboda wannan ficewa. Tufafin da aka gama ɗinkawa galibi a matakin 20 suke.

Mu yi lissafi. A ce kuɗin kaya, da na dako, da na inshora sun kai sefa miliyan 1. A matakin 20, haraji jika 200 ne. Harajin TVA na 19 bisa ɗari ana ɗora shi ne bisa kuɗin kaya haɗe da wancan haraji, ya zama jika 228. Jimla jika 428, ban da ƙananan haraji da ke biyo baya. Da a matakin 10 ne, jimlar jika 309 za ta kasance. Tazarar ta fi ribar ƙaramin ɗan kasuwa.

A ganina, babban haɗari shi ne barin komai a hannun wanda ke cika takarda. Yawancinsu sun san aikinsu, amma abin da aka faɗa musu shi suke rubutawa. In jami'i ya buɗe kwali ya ga kayan bai dace da lambar ba, laifin bayyana ƙarya ne a dokar duwan, ko da ba da gangan aka yi ba. Tara na iya biyowa, kaya su kwana a magaza, lokacin ɗari kuma ya wuce safa ba ta shiga kasuwa ba.

Saboda haka, kafin ku aika kuɗi, ku nemi mai sayarwa ya rubuta bisa takardar ciniki irin saƙar, irin zaren da yawansa, da ko an lulluɓe safar. Ku ɗauki guda ɗaya ku nuna a ofishin duwan mafi kusa, ku tambayi lambarta da matakinta na yanzu. Ranar biya kuma, ku karanta alƙaluma 6 na farko da kanku, ku gwada su da abin da ke cikin kwali, sa'an nan ku adana rasit.