Wa Zai Nuna Wa Ɗalibin Ƙauye Hanyar Aikin Asibiti?

Idan aka shiga aji uku na ƙaramar sakandare a wata makarantar ƙauye aka tambayi yara aikin da suke sha'awa, da wuya a rasa waɗanda za su ce likita. To amma da za a ƙara tambayarsu darussan da mai son zama likita zai ɗauka, ko shekara nawa zai yi yana karatu, sai ajin ya yi tsit. Wannan shirun ba laifin yaran ba ne, domin ba wanda ya taɓa zama da su ya yi musu bayani. Abin takaicin shi ne, a ƙarshen wannan shekarar ce ake raba su, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi ko kasuwanci, sau da yawa ma bisa ga ajin da aboki ya shiga, ko inda ake tsoron malamin lissafi.

A nan ne yawancin ƙofofin aikin lafiya ke rufewa. Jami'o'i da kwalejojin koyon aikin jinya da ungozoma a Nijeriya suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, wato a Ingilishi da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Yarinyar da ta bar Kemistiri tana shekara goma sha biyar, ba tare da ta san abin da ta bari ba, ta riga ta yi sallama da aikin ungozoma tun kafin ta yi tunaninsa. Saboda haka jawabin shawarar sana'a da wasu makarantu kan shirya wa 'yan ajin ƙarshe, ana saura 'yan watanni su fita, ihu ne bayan hari. Wurin da ya dace da wannan jawabi shi ne aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare.

Wajibi ne kuma jawabin ya wuce maganar likita kaɗai. Karatun likita shekara shida ne, guraben kuma kaɗan ne, don haka yaron da bai san wata hanya ba sai ita, da zarar ya rasa ta sai ya ɗauka lafiya ba fagensa ba ne. Alhali kuwa akwai masanin ɗakin gwaje-gwaje mai duba jini da fitsari, da mai haɗa magunguna, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, da mai awon ido, da jami'in tsabtar muhalli wanda iyaye suka sani da duba-gari. Akwai kuma jami'in lafiyar al'umma da kwalejojin fasahar lafiya na jihohi ke horarwa cikin shekara biyu ko uku, wanda shi ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin karkara.

Tarihin ƙasar nan ya nuna nauyin irin waɗannan ayyuka. A binciken shekarar 1988 an sami mutane fiye da 650,000 masu fama da kurkunu a Nijeriya. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Abin da ya kawar da ita shi ne tace ruwan sha da ƙyalle, da zuba magani a tafkuna, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da mutanen ƙauye da aka horar suna bi gida-gida suna kai rahoto, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita. Haka nan a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, awon jini ne ya tona asirin cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce sanadi, ma'aikatan muhalli kuma suka kwashe gurɓatacciyar ƙasar.

Akwai masu cewa wahalar banza ce, tunda duk wanda ya yi karatu birni zai gudu, ko ma Saudiyya da Ingila. Maganar ba ta rasa gaskiya ba. Sai dai a shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, ta ƙarfafa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara, saboda bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna sun fi takwarorinsu na birni komawa can aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda aka turo daga nesa baƙo ne, yana lissafin ranar da za a mayar da shi, ɗan gari kuwa gidansu yana nan, gonarsu tana nan, ya san karin harshen marasa lafiyarsa da abin da suke jin nauyin faɗa. Ballantana a ɗakin haihuwa, inda mata da yawa ba za su je ba matuƙar namiji ne zai karɓe su.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi: me ke amfanin kwaɗaita wa yaro aikin da makarantarsa ba ta da malamin Fiziks da zai kai shi gare shi? Wannan nauyi ne a wuyan gwamnatocin jihohi, kuma ba jawabin da zai sauke shi. Amma an ga abin da gyara kan iya yi. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, daga baya har da Borno, ya ɗauko 'yan mata da matan aure da garuruwansu suka zaɓa, ya yi musu karatun share fage don cike kiredit ɗin da suka rasa, sannan suka nemi shiga makarantun jinya da ungozoma da niyyar komawa gida aiki. Ashe ba basira ce ta yi musu ƙaranci ba tun farko.

Abin da ke hannun malamin Bayoloji kuwa bai kai tsadar haka ba. Yana iya gayyato ungozomar asibitin garin, musamman in 'yar yankin ce, ta faɗa wa yara ajin da ta shiga da kwalejin da ta yi, a kuma gayyaci iyaye su saurara, domin su ne masu yanke hukunci a kan 'ya mace. Yana iya neman izni ya kai yara goma-goma ɗakin gwaje-gwaje na babban asibitin ƙaramar hukuma, su leƙa madubin likita su ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini, ko ƙwan tsargiya mai ɗan tsini a gindinsa, cutar da wasunsu suka ɗauka alamar balaga ce. Sannan ya rubuta sunayen ayyukan da darussan da kowanne ke buƙata a kan kwali, ya manna a ƙofar aji uku tun farkon zangon karatu na biyu, kafin a fara rabon azuzuwa.