KUƊIN BINCIKE NA NAN, MU NE MUKA TSAYA BUGA RIGUNA

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Kuma in faɗa tun yanzu, da malamanmu nake, da hukumomin jami'a, da shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai, har da masu kuɗinmu. Wanda ya ji zafi ya sauko ƙasan rubutun mu yi ta, ba na gudu.

Duk shekara in 26 ga Yuni ta zo, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, sai mu buga riguna da huluna, mu ɗaga kyalle mu taka daga bakin get zuwa ofishin shugaban jami'a. In 10 ga Oktoba ta zo, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa, mu sake. A gayyato jami'in NDLEA ya yi lacca, a raba lemo da biskit, a yi hotuna a watsa a Facebook, kowa ya kama gabansa. To don Allah wanda ya taɓa shirya irin taron nan ya amsa min: ɗalibai nawa ne a jami'arku ke haɗiyar tiramol lokacin jarrabawa? Nawa ne suka jingine karatu saboda tsananin damuwa? Waɗanda aka kora saboda ƙwaya shekara biyar da suka wuce, ina suke yau? Wallahi babu mai amsa. Muna ta yaƙi da abin da ba mu taɓa aunawa ba, a wurin da aka gina musamman don aune-aune da bincike.

Alƙaluman da kowane mai lacca ke jawowa har yau na binciken 2018 ne, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka, aka fitar a farkon 2019. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, miliyan 2.4 maganin tari irin mai kodin. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Masu cewa wannan matsalar 'yan Arewa ce su koma su duba, Kudu maso Yamma ce ta fi kowane yanki, da kashi 22.4, Arewa maso Yamma tana da 12. Kun san wa ya biya kuɗin binciken? Tarayyar Turai. Hatta kodin ɗin ma, sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018 sannan gwamnati ta yi wuf ta hana yin maganin tarin da shigo da shi. Muna zaune da jami'o'i fiye da ɗari biyu, sai baƙo ya zo ya nuna mana inda ɗakinmu ke yoyo.

In ka yi maganar, amsa ɗaya ce: babu kuɗi. Ni kuma na ce kuɗi bai wadata ba, gaskiya ne, amma akwai shi, kuma ƙofofinsa sanannu ne.

Na farko, na gida. TETFund, da harajin da kamfanoni ke biya ake cika ta, kuɗinmu ne. Tana da tallafin ƙaramin bincike da ake bi ta hannun kowace makarantar gwamnati, tana kuma da Asusun Bincike na Ƙasa na manyan ayyuka, inda ake fara tura gajeren bayani, in ya tsallake a nemi cikakken daftari, a kira ku ku kare shi gaban masana. Cikin rukunansa akwai na kimiyya da fasaha, akwai na zamantakewa, akwai na fannonin da suka ratsa juna. Shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa suna iya shiga ta kowanne. Ku tambayi sashenku, a shekara goma da suka wuce daftari nawa aka tura kan wannan? Ban ce nawa aka ci ba fa, nawa aka tura.

Na biyu, na waje. Gidauniyar Wellcome da ke Landan ta ware lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin ɗaya daga manyan abubuwa uku da take zuba kuɗi a kansu, musamman fargaba da tsananin damuwa da taɓin hankali. Grand Challenges Canada ta daɗe tana tallafa wa irin wannan aiki a ƙasashe masu tasowa. A Amurka akwai cibiyar NIDA da aikinta kacokan binciken shaye-shaye ne, da cibiyar Fogarty da ta horar da masu bincike da yawa daga Afirka.

Na uku, wanda yake a takarda. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar ta tanadi a kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Wace ƙungiyar ɗalibai ce ta taɓa rubuta wasiƙa ko ɗaya tana tambayar nawa aka zuba a asusun? In kuɗin makaranta aka ƙara mun san hanyar titi. Wannan ko oho.

Kada wani ya ce min ai ɗan Najeriya ba ya cin irin wannan tallafi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama cikin gidajen mutane tare da danginsu suna karɓar magani, har duniya ta zo koyo. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci binciken da ya haɗa ma'aikatan asibitin matakin farko da masu maganin gargajiya da masu addu'a a Ibadan da Kumasi ta Gana, suka riƙa duba masu taɓin hankali tare. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2020, kuma ya nuna marasa lafiyar da aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Farfesa Isidore Obot ya kafa cibiyar CRISA a Jos tun 1990 don binciken shaye-shaye, da mujallarta. A Zimbabuwe kuwa Dixon Chibanda benci ya kafa a harabar asibiti, ya horar da tsofaffin mata su zauna su saurari masu damuwa, aka gwada abin a kimiyyance, aka buga a mujallar JAMA a 2016, da tallafin Kanada. Benci fa! Mu da muke da dakali a ƙofar kowane gida da kaka a cikin kowane gida.

To me ya hana mu? Zan faɗa, ko da za a ji haushi. Mai ba da tallafi ba ya ba mutum kuɗi don ya iya lacca. Yana son tambaya takamaimiya, da shugaban bincike mai tarihin wallafa, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da kasafi mai ma'ana, da ofishin kuɗi da zai iya ba da lissafin kowane kwabo. Sama da duka yana son ya ga ɗan gwajin da kuka fara yi da kanku. Wannan ɗan gwajin kuwa daga furojet ɗin ɗaliban digiri na farko da na biyu ya kamata ya fito. Mu kuma me muke yi da furojet? Duk shekara taken ɗaya ne, illolin shaye-shaye ga matasa, a canza sunan ƙaramar hukuma kawai. Da idona na ga ɗalibi ya zauna a ɗakin kwana da takardun tambayoyi ɗari, da biro kala uku, yana cikewa shi kaɗai, yana canza salon rubutu. Ya kare, ya samu makinsa, aka ɗaure kundin da baƙin bango aka jefa a sito inda gara ke karatunsa. Malamin da ya sa hannu ya sani, mu ma mun sani. Da wannan za a je a karɓo kuɗi a Landan? Haba jama'a.

Akwai masu cewa kuɗin Turawa ba ya zuwa sai da manufa. Na yarda kowane mai bayarwa yana da abin da ya fi damunsa, kuma 2025 ta koya mana darasi, lokacin da gwamnatin Amurka ta rufe USAID ta kuma ƙuntata yadda kuɗin bincikenta ke fita waje, ayyuka da yawa a Afirka suka tsaya cak. Amma wannan hujja ce ta mu zuba namu. Ina namun? Attajirinmu zai gina wa jami'a get ko zaure a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, alhamdulillahi, Allah ya saka. Kuɗin fentin zauren kaɗai zai ɗauki nauyin binciken ɗaliban digiri na biyu da dama. Kuma kada mu yaudari juna, tiramol da kodin ba su san gidan talaka kaɗai ba. Gidajen manya nawa ne ke ɓoye yaro a ɗakin baya suna cewa ya yi tafiya?

Akwai kuma masu cewa rashin tarbiyya ne kawai, a koma ga Allah. Babu mai musun tarbiyya da addu'a. Sai dai iyayen da suka kai 'ya'yansu gidan marin Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 a Satumbar 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, ai tarbiyyar suka je nema. Sun kai su ne don ba su ga wata ƙofa ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri da Aro da Yaba ba za su ɗauke mu duka ba. Dole a gano abin da malamin jinya a ƙaramin asibiti, da limami, da mai unguwa za su iya yi wanda yake aiki da gaske, kuma ba a gane wannan da zato. Abin da Gureje ya gwada ke nan. A ƙasar Hausa, inda mai ruƙiyya ake fara kaiwa kafin likita, wa ya fi mu buƙatar irin wannan binciken?

Yanzu kuma ana ta maganar yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya, tun bayan da ma'aikatar ilimi da NDLEA suka amince da hakan a 2025. To an gwada, an samu yaro da ita a jini. Sai me? Ina za a kai shi? Wa zai bi sawunsa bayan wata shida? A ɓangarenmu an taɓa kama wani yaro da ƙwayoyi a aljihu ana tsakiyar jarrabawa. Kwamiti ya zauna, aka manna sunansa a allo, ya tattara kayansa. Ba wanda ya tambaye shi yaushe ya fara, ko me ya sa. Mu da muke kusa da shi mun san da dare yake aikin gadi don ya biya kuɗin makaranta, da safe ya shiga aji, ƙwayar ce ke riƙe masa ido. Ban ce ya yi daidai ba. Amma jami'ar da ta kore shi ta kori amsar tambayar da ya kamata ta yi, kuma irinsa na nan da yawa a ajin da ya bari.

Mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, tambayoyin suna bakin ƙofarmu. Je ka Sabo a Ibadan, ko Agege da Mile 12 a Legas, ka zauna da 'yan uwanmu masu dako da tura baro da 'yan acaɓa. Da yawa ba don nishaɗi suka fara tiramol ba, don jiki ya jure aikin awa goma sha biyu ne. Mai binciken da ba ya jin Hausa ba zai samu gaskiya daga bakinsu ba, kai kuwa da kofin shayi ɗaya za a buɗe maka ciki. Haka takardun auna damuwa, yawancinsu da Turanci aka fara tsara su. Bahaushiya ba za ta ce maka tana da wani ciwo mai sunan likita ba. Cewa za ta yi tunani ya yi mata yawa, ƙirjinta ya yi nauyi, abinci ba ya mata daɗi, barci ya ƙaurace. A Zimbabuwe da kalmarsu ta yawan tunani suka gina aikin bencin nan. Wa zai zauna ya tattara namu kalmomin, ya gwada su, in ba ɗalibin harshe da na halayyar ɗan Adam da na likitanci sun haɗa kai ba? Ga 'yan mata masu shan kodin a ɓoye, waɗanda kunya ba za ta bari su taka asibiti ba. Ɗaliba mace ce kawai za ta iya shiga inda suke. Wannan shi ne jarinmu, kuma shi masu tallafi ke nema ba su samu.

Saboda haka ga abin da nake nema, ba da yawa ba ne. Ofishin bincike na kowace jami'a ya riƙa manna sanarwar tallafi a allo da zaurukan WhatsApp da zarar ta fito, a daina riƙe ta a aljihun mutum uku sai saura kwana biyu a rufe. Malamai su sa ɗalibai cikin tawagar rubuta daftari, ko da aikin tattara bayanai ne, a nan ake koyo. Asibitin jami'a ya fara ajiye ƙididdigar masu zuwa da matsalar damuwa da shaye-shaye ba tare da suna ba, don kada yaro ya ji tsoron cewa daga asibiti sai kwamitin kora. Ƙungiyoyinmu kuma, a bana a rage rabin kuɗin riguna da na liyafar yaye ɗalibai, a ba ɗalibi biyu ko uku su yi bincike na gaskiya, a kira taro su karanta mana abin da suka gano. Sannan shugabanni su ɗauki sakamakon su kai wa attajiran da suke zuwa wurinsu neman gudummawar taro, su ce ga abin da muka samu da ɗan kaɗan, a ƙara mana.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Malamin da ke da daftari yana neman masu taya shi aiki ya yi magana a ƙasa, ɗalibai na nan. Ɗalibin da bai zaɓi taken furojet ba tukuna, ga fili. Wanda kuma yake cikin matsalar da kansa yana karanta wannan a ɓoye, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ciwo ne kuma ana warkewa, ka samu wanda ka yarda da shi ku je asibiti tare. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a. A tura wa shugabannin ƙungiya, ina jiran amsarsu.