Gargaɗi a Kan Kisan Jemage da Ƙunar Daji

Zuwa ga malamai da almajirai na Ƙofar Durɓi da kewayenta. Ku sani akwai wani ɗan jemage mai gajeren wutsiya, mai hanci kamar ganye, makwancinsa kogon dutse, abincinsa ƙwari. Ba a samunsa sai a Kamaru da Ikwatoriyal Gini da kudancin Nijeriya, kuma yana cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Shekara 45 ba wanda ya gan shi a ƙasar nan, sai a 2016 wata masaniya, Iroro Tanshi, ta same shi a dutsen Afi, cikin Jihar Kuros Riba. Abin da ke halaka shi kuwa wutar daji ce mai tasowa daga gonaki, da mafarauta masu shiga kogo. Sai ta haɗa kai da mutanen ƙauyukan wurin, suna tsaron wuta, suna kashe ta tun tana ƙarama.

Wani zai ce, ina ruwan Bakatsine da jemagen Afi? To, wannan ɓarna akwai ta a ƙofar gidanmu. Da hunturu ya shigo, samari su cinna wa daji wuta don gafiya guda, yara kuwa su bi jemagu da ɗanƙo suna harbi don wasa. Alhali galibin jemagu ɗa guda suke haifa a shekara, wanda aka kashe ba ya mayuwa da wuri.

Ku duba ɗorawa. Da dare furenta ke buɗewa, jemage mai cin 'ya'yan itace ya zo shan zaƙinsa, ya kwashi garin fure daga wannan itace zuwa wancan, kana ta yi 'ya'ya. Daga nan kalwa, daga kalwa daddawa. Haka kuma kuka. Wanda ya kashe jemage, tukunyar gidansu ya cuta. Ƙananan kuwa, masu cin ƙwari, su ne masu gadin gona da dare ba lada.

Zancen da ake yi wai jemage ta baki yake kashi, ba haka ba ne. Ruwan 'ya'yan itace yake tsotsewa, ya tofar da tuƙar. Bai kamata mai ilmi ya ƙi halitta a kan tatsuniya ba.

Saboda haka muna roƙon kowane malami ya hori almajiransa da abu uku. Kada su harbi jemage. Kada su kama shi da hannu, domin yana iya ɗaukar cuta. Kada su sa wa daji wuta. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba.

Haza wassalam.